Rigar Akwatin Kawu

Abin da na fara gani da na shiga ɗakin Kawu a Gaya shi ne kowane abu da rigarsa. Tele na da tata, saƙar hannu mai geza. Firigo an shimfiɗa masa tasa a kai. Keken ɗinki, rediyo, har tulun da ke bakin ƙofa an ɗora masa ɗan ƙyalle mai zanen fure. Na tsaya da jakata a hannu ina bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya, don hakan ya fi mini sauƙi a kan in ɗaga kai in dubi mutanen gidan.

Daga wani ƙauye kusa da Yelu aka kawo ni in shiga kolej. Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ta rasu ina ƙarama, ban ko shiga lekol ba, kakata ta wajen uba ce ta rene ni. Matar Kawu, wadda duk unguwa ke kira Tanti, ita ce mai saƙa da ɗinka rigunan nan. Ta karɓi jakata, ta ce in zauna in sha ruwa, ta tambaye ni hanya. Na amsa da kai. Ta yi dariya ta ce wa Kawu, "Wannan kam sai mun saya mata baki a kasuwa."

A kusurwar ɗakin, bisa wani gajeren tebur, akwai baƙin akwati na ƙarfe, tsawonsa kamar bidon ruwa. Ƙananan fitilu kore na ƙiftawa a gabansa, yana kuma wani gunji a hankali wanda ba ka jinsa sai ɗaki ya yi shiru. Tasa rigar ƙarama ce, a kansa kawai take, kamar hula.

Sana'ar Kawu ɗaukar bidiyo ce, ta biki da suna da walimar sauka. Har Tunuga da Jinju ake kiransa, wani lokaci ya haye gada zuwa Malanbil. Duk abin da ya ɗauko, cikin akwatin nan yake zuba shi, daga nan yake yanka, ya gyara, ya ba masu shi a kle, ɗan ƙarfen ajiyar nan da ake soka wa na'ura. Mutum ne mai son bayani ko ba a tambaye shi ba. Da ya ga idona na yawan komawa kan fitilun, sai wata rana ya buɗe gefen akwatin ya ce in matso.

"Waɗannan da ke jere su ne diski," in ji shi. "Su ne rumbuna. Wannan kuma," ya nuna wani ɗan allo kore mai baƙin ƙarfe a tsakiya, wayoyi na fita daga gare shi zuwa kowane diski, "shi ne karti. Kin ga gadarmu? Duk kamiyon da za ya shigo ko ya fita, sai ya bi ta kanta. To duk abin da za ya shiga rumbu ko ya fito, sai ya bi ta hannun kartin ga."

Na gane, don kullum a hanyar lekol nakan wuce manyan motocin da ke layi a bakin duwan, wato kwastan, direbobi na kwance a inuwar ƙarƙashinsu.

Tanti ce ta faɗa mini abin da ke cikin rumbunan, wata rana muna tsinke zogale za mu yi kopto, kwaɗon ganye. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Kin san innarki na cikin akwatin can?"

Hannuna ya tsaya.

"Bidiyon aurena. Ita ta jagoranci matan da suka zo ɗaukata. Ranar nan ta cika gidanmu da surutu, ba wanda ta bari. Ke dai ba ki ɗauko bakinta ba." Ta zuba ganyen a ƙwarya. "Ki ce wa kawunki ya nuna miki."

Hoton mahaifiyata ɗaya ne na sani, na katin shaida, ta ɗaure fuska kamar yadda mai hoto ke sa mutane. Muryarta kuwa ta ɓace mini tuni. Nakan yi ƙoƙarin tuno ta, sai muryar kakata ta zo a madadinta. Amma ban ce wa Kawu komai ba. Bai taɓa ambaton yayarsa a gabana ba, wani lokaci kuma in ya dube ni sai ya kau da kai da sauri. Na ce a raina akwai lokaci. Akwatin ba inda za shi. Da safe in ina shara nakan ɗan daɗe a kusurwarsa fiye da yadda wurin ke bukata.

Da sanyi ya shigo, Kawu ya buɗe akwatin ya tarar da tsaka ta yi gida a ciki, har da ƙwai biyu farare a lungu. Tanti ta ji haushi kamar a cikin tukunyarta aka same ta. Ta ce abin da ake ci da shi a gidan nan ba za a bar shi tsirara ba, tele da ba ta kawo komai ma tana da sutura. Ta ciro ragowar shaddarta ta sallah, ta yi mata shafi mai kauri daga ciki, ta ɗinka wa akwatin riga sosai, mai sauka har kan tebur ta kowane gefe. Ta bar 'yar taga a gaba don a ga fitilu, da ɗan tsagi a baya don wayoyi su fita. Ita ce mafi kyau a duk rigunan ɗakin. Kawu ya yaba, ya ce akwatinsa ya fi shi shiga.

Muka ci sanyi lafiya. Sai da mangwaro ya fara nuna, rana ta buɗe, bangon ɗaki na riƙe zafi har bayan magariba, sannan ciwon ya fito.

Kawu zai sa a kwafi aiki daga akwatin zuwa kle ko zuwa ordinatarsa, wato kwamfutar da yake aiki da ita. A ekran akwai wata koriyar sanda da ke cika a hankali, da lamba a ƙarƙashinta mai nuna gudu. Da farko sandar za ta tafi da sauri. Can sai lambar ta fara sauka, ta sauka, har sandar ta zama kamar ba ta motsi. Wani lokaci aikin ya tsaya cak, diski ɗaya ya ɓace daga jeri, can kuma ya dawo shi kaɗai. Abin da a da ake gamawa kafin a sha shayi, yanzu sai a wuni. Iyayen amare suka fara zuwa ƙofar gida suna tambaya, Tanti na ba su ruwa da haƙuri.

Kawu ya bi abin daki-daki, ina kallo daga bakin ƙofa da kayena na rubutun darasi a cinya. Ya fara da wayoyi, ya sauya su da sababbi. Ya ciro diski ɗaya-ɗaya ya gwada a ordinatarsa, kowane ya yi gudu lafiya lau. Ya zare kartin ya goge bakinsa, ya mayar da shi a wani ramin dabam. Ya zargi kuran, wato wutar lantarki, ya zargi batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, duk lokacin da ya cire rigar ya ninke ta bisa kujera, ya buɗe gefen akwatin yana gwaji, komai sai ya tafi daidai. Sai ya ce ya samu, ya rufe, ya sa babban aiki, ya ɗauki kamara ya fita. In ya dawo ya tarar sandar na nan inda bai yi zato ba.

"Kamar yaron shago," yake cewa. "In kana tsaye, aiki. Ka juya baya, barci."

Yana da aboki mai gyaran waya a kasuwa, wanda ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Wata rana bayan la'asar ya zo da kabu-kabu, ya shigo yana fifita da hularsa.

"Ina maras lafiyar, Injiniya? An ce mini ka kwana biyu kana yi masa tofi."

"Zauna dai. Kai da waya ke shigo maka da ciwon kai ta fita gawa."

"To gawar ma ai ba ta sa mutane jira a ƙofa."

Suka duƙa a kan akwatin. Na ji suna ta ambaton abubuwan da ban sani ba, abokin na karanto abin da wasu suka rubuta masa a waya. A ƙarshe ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Tsarin da kartin ya yi wa diskin ne ya rikice. Kwashe abin da za ka iya, ka formate duka, ka ɗaura daga farko."

Na riga na san ma'anar formate. Gogewa ce, a share rumbu tas.

Kawu ya ce diskin da yake da shi na ajiya ƙarami ne, aikin mutane zai fara sawa, don amana ce. Abokin ya ce, "Na da fa? Naku na gida?"

"Na gwada. Kullum sai ya kai tsakiya ya tsaya." Kawu ya dubi akwatin. "Abin da ya fito, ya fito. Ba ni iya riƙe mutane har damina."

Ina zaune a tabarma a waje, alƙalami a hannuna. Na karanta layi ɗaya na darasin tarihi ban san sau nawa ba.

Akwai abubuwan da na daɗe ina gani, ban dai haɗa su wuri ɗaya ba sai ranar nan. Ni ke sharar ɗakin in na dawo lekol. Duk lokacin da tsintsiya ta kai ni bayan teburin, rigar akwatin nakan ji ta da zafi ta baya, irin zafin tufar da aka ɗaga wa dutsen guga yanzu, har da ɗan ƙaurinsa. Gunjin akwatin ma ba iri ɗaya ba ne. In yana cikin riga, sai ya yi nauyi, kamar mai numfashi da mayafi a fuska. Sannan akwai ranar wanki. Duk Asabar Tanti kan tattara rigunan ɗakin mu wanke, su wuni a igiya. A irin ranakun nan, ba sau ɗaya ba, na shiga ɗaukar wani abu na ga koriyar sandar ta kai ƙarshe, babu kowa a ɗakin. Kawu kuwa Asabar ranar bukukuwa ce, ba ya gida. Kafin ya dawo an guge rigar an mayar.

Shi ma yana ganin rigar kullum. Yana cire ta kamar yadda yake cire ta tele in za a ji labarai, hannunsa ke yi, hankalinsa na wani wuri. Tanti kuma tana mayarwa da zarar ya fita, kamar yadda take rufe kwanon tuwo.

Na kwana da abin a raina. Ban tabbata ba, wannan ɗaya. Na biyu kuma, in na faɗa wa Kawu, na ce ke nan aikin hannun matarsa ne ya jawo masa wannan wahala, ni da nake cin abincinta, ita ke yi mini kitso, ita ta rage mini tsawon rigar lekol. A gidanmu yarinya ba ta gyara wa babba a gaban wani babba. Amma da safe na ji Kawu na cewa aikin mutane ya kusa fita duka, in ya dawo daga wani suna da la'asar zai yi abin da abokinsa ya ce.

Da na dawo lekol na tarar da Tanti a gindin murhu tana soya kifi. Na tsuguna kusa da ita ina gyara itace, ko da yake ba ya bukatar gyara.

"Tanti."

"Na'am? Yau baki ya zo?"

"Rigar akwatin Kawu tana yin zafi ta baya."

"Mi ba ya zafi a garin ga yanzu?"

"Ranar wanki ba ya tsayawa," na ce, ina kallon wuta. "In rigar na igiya, sandar tana kai ƙarshe."

Ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu. Sai ta ajiye matsamin, ta goge hannu a zane, ta shiga ɗaki. Na bi ta. Ta zura hannu bayan akwatin, ta daɗe a haka.

"Ke nan ni ke shaƙe shi."

"Ban ce ba, Tanti. Na ce dai tana zafi."

"Na ji abin da kika ce." Ta dubi rigar, ta shafa bakin ɗinkin da yatsa. Na ga ranta bai so ba. "Shaddata ta sallah," ta ce a hankali. Sai kuma ta tuna da kifi ta fita da gudu.

Da Kawu ya dawo, ya yi salla, ya jawo kujera gaban ekran, Tanti ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu.

"Maigida, kamin ka goge mini aure, tsaya ka ji. Kar ka cire rigar ga. Sa aikinka haka nan tana jikinsa."

"Wane irin zance ne wannan?"

"Ɗiyarka ta ga abu. Ni ma na taɓa na ji. Kai dai gwada."

Kawu ya waiwayo ya dube ni a bakin ƙofa, na sunkuyar da kai. Bai tambaye ni komai ba, na kuma gode masa a raina. Ya sa a kwafi tsofaffin bidiyon gida, waɗanda kullum ke tsayawa a tsakiya, rigar na nan yadda take. Muka zauna muna kallon lamba. Ta fara da ƙarfi. Aka daɗe kaɗan, har na fara jin kunya, ina cewa na tayar da maganar banza. Sai ta soma sauka. Da ta kai ƙasa, Kawu ya yaye rigar da sauri, ya zare gefen akwatin, ya ɗora yatsa bisa baƙin ƙarfen da ke tsakiyar kartin.

"Wash!" Ya janye hannu yana yarfawa, ya sa yatsan a baki.

Tanti ta ce, "Ya gaishe ka?"

Ya jawo fankar ɗaki, ya kwantar da kanta, ya saita ta tana hura cikin akwatin. Muka ci gaba da kallo. Ba nan take ba, amma a hankali lambar ta fara hawa, ta hau, ta tsaya a sama. Sandar ta wuce wurin da ta saba makalewa.

Kawu ya jingina da kujera ya yi wata 'yar dariya. Ya ce wannan irin kartin, na hannu ya saye shi wajen wani da ya zo da kaya daga Kwatano, asalinsa na manyan injuna ne da ake ajiyewa a ɗaki mai sanyi, iska na ratsa su ba dare ba rana. Ba shi da fankar kansa. In ya yi zafi sai ya rage gudu, in ya ƙara sai ya saki diski ya sake kamawa. Ya ce ya taɓa karanta haka tun lokacin da ya saye shi, amma a watannin nan duka hankalinsa na kan rumbuna, bai taɓa tunanin gadar ce ke ƙuna ba. Duk gwajin da ya yi, akwatin a buɗe yake yin shi.

"Ai ba rigar kaɗai ba ce," ya ce wa Tanti, don ya ga ta yi shiru tana ninke shaddar. "Ko ba ita, zafin ga za ya taɓa shi wata rana. Gobe in sa wancan mai kashe wayoyin ya kawo mini ƙaramar fanka in ɗaura masa. Tsaka kuma mu sa ragar taga a baya."

"Hular da fa?"

"Hular ta isa. Mayar masa da hularsa."

Ta ɗauko 'yar saƙar ta da daga cikin kwaba ta ɗora a kan akwatin, ta gyara mata zama har gezar ta daidaita ta kowane gefe. Shaddar kuwa keken ɗinki ya gaje ta, tana nan a kansa har na gama kolej, da 'yar tagarta da ba ta nuna komai.

Kafin magariba sandar ta cika. Kawu ya ce sai ya buɗe ɗaya ya tabbata abin ya fito lafiya. Ya daɗe yana bin jerin da ido, sannan ya danna. Bai kira ni ba, bai kuma ce in fita ba. Tanti ta jawo hannuna ta zaunar da ni a bakin gado kusa da ita.

Hoton na rawa, mai ɗauka bai iya ba tukuna. Tsakar gida ce cike da mata, tabarmi, kwanoni a jere, rana na dukan bango. Kawu ya saba aiki da murya a ƙasa don kar ya dami gida, saboda haka abin da ke fitowa kamar kukan ƙudan zuma ne daga nesa. Tanti ta nuna kanta a lulluɓe a lungu ta ce dubi yadda take siririya a lokacin. Sai wata mata ta ratso tsakiyar hoton, ta ba mu baya, da faranti a kai da goyo a bayanta. Kan jaririyar ya langaɓe gefe, tana barci, an sa mata hula ja.

"Ga ki nan," Tanti ta raɗa mini.

Matar ta sauke farantin, ta juyo. Ba ta yi kama da hoton katin shaida ba ko kaɗan. Tana da wushirya, ban taɓa sani ba. Ta hango mai ɗauka, ta nuno shi da yatsa, ta faɗi wani abu mai tsawo, kanta na kaɗawa, matan da ke bayanta suka fashe da dariya har wata ta dafa bango. Ina ganin bakinta na motsi, ba na jin komai.

Kawu na zaune bai motsa ba, hannunsa ɗaya a kan tebur, yatsan da ya ƙone a ɗage. Fanka na ta hura cikin akwatin.

"Kawu," na ce, "don Allah mayar da shi baya kaɗan, ka ƙara murya."